Kaset ɗin Inna ya je Marsiliya ya dawo

Asubar Asabar muka fito daga masauki, ni da abokin tafiyata, ba kiran salla ba carar zakara, agogon hannuna ne kaɗai ya shaida mana lokaci ya yi. Jenowa ba ta farka ba tukuna. Lungunanta ƙunci gare su kamar na Balad ɗinmu, tsohuwar unguwar Jidda, sai dai babu ƙamshin dafaffen waken ful da burodin tamis, sai ƙarnin kifi da danshin ruwa. Jaka ɗaya muka haɗa: burodi biyu, gwangwanin sardin huɗu, ƙullin dabino, gorar zamzam, da buta. Butar nan abokina ne ya dage sai an tafi da ita, wai ya gama ganin halin bayin Turawa. A aljihun ƙirjina kuwa akwai kaset guda, naɗe cikin tsumman atamfa, kuma saboda shi aka yi tafiyar duka.

Tun da na dawo, 'yan majalisar ƙofar gidanmu a unguwar Bagdadiyya ta Jidda ba su bar ni na sha shayi da daɗin rai ba, kowa sai "Ya Turai? Ya Turai?" To ga ta nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kun dai san kamfanin da muke wa aiki a mina, tashar jiragen ruwan Jidda, ya tura mu Italiya mako shida, mu koyi tuƙa sabon winshi, injin nan na ɗaga kaya daga cikin jirgi. Can Asabar da Lahadi ake hutu. Sauran abokan aikinmu duk mako sai sun je wani gari sun ɗauki hoto da tattabaru. Mu biyu muka yi mako huɗu muna cin taliya tsura muna tara kuɗin abincin da ake ba mu, don mu je Faransa mu dawo a cikin kwana biyu.

Wanda bai daɗe a unguwarmu ba bai san ina da wa ba. Yaya Idi sunansa. Shekara tara ke nan da ya samu aiki a wani jirgin kaya, Inna ta ce ba za shi ba. Ita tana 'yar shekara goma sha uku ta baro ƙasar Haɗeja a ƙafa tare da ayarin alhazai, ba ta sake ganin mahaifiyarta ba, saboda haka ta san abin da tafiya take ci. Babanmu kuma ya riga ya rasu, da tiren gyaɗa ta raine mu. Ranar da Yaya ya ɗauki akwatinsa ina tsaye a tsakar gida ta ce masa, "In ka hau jirgin nan, kada ƙafarka ta sake taka mini ƙasar nan." Ya saɓa akwatin ya fita. A shekara ta biyu kati ɗaya ya zo mai hoton tashar jiragen ruwa, an rubuta Marsiliya a ƙasa, a baya kuma gaisuwa ce layi biyu babu adireshi. Daga nan shiru.

Bana jikin Inna ya ja baya sosai, sallar ma a zaune take yi. Da ta ji za a tura ni, sai ta sa na aro rikodar maƙwabta, na nuna mata inda ake dannawa, ta kore ni ta rufe ƙofa. Da ta gama ta miƙo mini kaset ɗin ta ce, "Ba Turai za ka ba? Ai shi ma yana Turai. Ka sa masa a hannu. Kai ma ba naka ba ne, kada ka ji. Baki ne ya ɗaure shi, takarda ba za ta kwance shi ba. Ba na so in tashi gaban Allah da maganar nan a bakina." A wajen Inna Turai gari ɗaya ne, kamar Makka, ka sauka a mota ka tambayi gidan wane. Na yi mata dariya a ranar. Amma ni ma da na duba taswira na ga yatsa biyu ne tsakanin Jenowa da Marsiliya, na ce ai wannan kamar Jidda da Bahara ne, nan kan hanyar Makka.

Tikitin zuwa da dawowa a ɗakin talakawa ya cinye fiye da rabin abin da muka tara. A tasha muka koyi darasin farko na ranar: kofi a tsaye kuɗinsa daban, a zaune daban. Abokina ya riga ya ja kujera ya baje, da aka faɗa masa bambancin ya miƙe zumbur kamar ya zauna a kan kunama. Shi haifaffen Wad Madani ne, Bahaushen Sudan, da iƙama, takardar izinin zama, yake zaune a Jidda, kuma a duniya ban ga mai son a ce ya san hanya kamarsa ba. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, Faransanci kuwa daga ni har shi babu mai ko kalma, amma tafiya yake a gaba yana kaɗa buta kamar shi ya gina tashar.

Jirgin ƙasan bakin teku yake bi, ruwa a hagu duwatsu a dama. Ka fara kallon ruwa ke nan sai ya shige rami, duhu ya rufe, ya fito, ga wani ƙauye da gidaje ja da rawaya an liƙa su a jikin dutse, shanya a kowace taga, kafin ka nuna wa ɗan'uwanka ya sake shigewa wani ramin. Na fara ƙirga ramukan na bari. Wata tsohuwa da ke fuskantarmu da kwando a cinya ta yanka cuku ta miƙo mana a bakin wuƙa. Muka karɓa muna kallon juna, abokina ya shinshina ya yanke hukunci cewa nono ne ba alade ba, muka ci. Na ba ta dabino uku. Ta juya su a hannu, ta ci ɗaya, ta ƙulle biyu a hankici. Haka Inna take yi da duk abin da aka ba ta, sai ta ajiye wa wani, kuma daga nan na daina kallon teku na ɗan lokaci.

A Bentimiliya iyaka take. Jami'in kwastan na Faransa ya zazzage jakarmu, ya ɗaga buta ya leƙa bakinta, ya ajiye. Sai ya nuna aljihuna. Na ciro, ya warware tsumman, ya ɗaga kaset ɗin sama yana girgiza shi kusa da kunnensa, ya yi wata tambaya yana kaɗa kafaɗa, na gane waƙa yake nufi. Na ga yatsansa a kan zaren, na ce yanzu zai ja shi. Sai na ɗora hannu a ƙirji na ce "Mama." Ya dube ni, ya naɗe tsumman da kansa, naɗin ma ya fi nawa kyau, ya miƙo mini. Muka canja lira zuwa faranka, damin takardu ya koma 'yan ƙwarori, na ji kamar an yi mana fashi da rana tsaka.

Yanzu ga kuskurenmu, kuma ba zan ɗora wa abokina shi kaɗai ba, ko da yake shi ya fara. Iyayenmu da suka taho a ƙafa ba su taɓa riƙe adireshi ba. Ka iso gari ka tambayi zango, a kai ka wajen sarkin zango ko mai masauki, shi ya san wanda ya wuce, da yaushe, da inda ya nufa. Haka aka yi daga Kano har Fallomi, har Ubayyid, har Sawakin, haka muka tashi muna ji. Abokina ya ce, da irin kiran da 'yan Sudan ke wa mutum, "Ya zol, mai neman mutum ba ya tsallake gari. Babu garin da ba shi da zango. Mu sauka Nis mu tambaya, wataƙila ma ya ƙaura nan." Ni kuma na ga maganar ta hau, muka sauka.

Nis gari ne na masu hutu. Titi mai faɗi a bakin ruwa, dabinon ado da ba ya 'ya'ya, tsofaffi suna jan ƙananan karnuka da aka yi wa aski. Bakin tekunsu ba yashi ba ne, tsakuwa ce manya-manya, amma mutane sun kwanta a kai sun tuɓe suna gasa jiki, mu da muka tsere wa rana muna ta mamaki. Abokina ya sunkuyar da kai yana istigfari, sai dai na lura istigfarin bai hana shi sanin inda kowa ya kwanta ba. Muka yi ta yawo muna neman baƙar fata. Mun ga mutum uku. Na farko muka yi masa sallama ya amsa da Faransanci ya wuce, na biyu ya ɗauka bara muke, na uku mai shara ne ɗan Mali, ya riƙe hannunmu da fara'a, muka yi ta "salamu alaikum, alaikumus salam" har ta ƙare mana, babu mai jin wani. Zango dai babu. A tsohuwar kasuwa muka sayi wata waina mai faɗi ta garin wake da ake yankawa a tire, ɗanɗanonta kamar ƙosan da aka take, ita ce abu mafi arha a garin. Awa uku muka zubar a Nis, kuma awa ukun nan sun dame ni daga baya.

Daga nan jirgin ya ratsa jajayen duwatsu, ya wuce wani gari mai jiragen yaƙi jere a ruwa, muka yi sallar azahar da la'asar a zaune muna kintatar alƙibla. La'asar sakaliya muka isa Marsiliya. Ka fito daga tasha sai ka ga kanka a saman wata matattakala mai tsawo, gari duka a ƙasanka, can nesa coci a kan tsauni. Na ciro katin Yaya na ɗaga. Ga cocin nan a hoto, ga shi a gabana. Shekara bakwai katin nan yana cikin kwallar Inna, yau ga ni tsaye a cikinsa. Na ji ƙwalla ta taho, na ce wa abokina iska ce.

Ƙasan matattakalar unguwar Larabawa ce, 'yan Aljeriya galibi. Muka ce alhamdu lillahi, mun zo gida. Ashe ba mu zo ba. Na yi wa mai gahawa Larabcin Jidda tsantsa, ya amsa mini da wani abu da rabinsa Faransanci ne, rabin kuma kamar an cire masa wasula. Sai da muka koma Larabcin littafi, kamar masu huɗuba, sannan ya gane. Da ya ji daga Jidda muke ya ƙi karɓar kuɗin shayi, ya kira mutane su zo su ga maƙwabtan Ka'aba, wani dattijo har da shafa rigata. Amma Idi? Baƙi ma'aikatan jirgi sun fi a ƙirga, in ji shi, yau suna nan gobe sun tafi. Muka bi ɗakunan kwanan ma'aikatan jirgi ɗaya bayan ɗaya ina nuna hoton Yaya na shekara tara da suka wuce, kowa ya girgiza kai. Rana a can ba ta faɗuwa da wuri, har ƙarfe takwas da haske, sai ta yi ta ba ka rai kana cewa da saura.

Mun kwana a wani ɗan otal mai gado ɗaya da kwanon wanke fuska, wanka kuma kuɗinsa daban, saboda haka muka ɗage shi sai Italiya. Abokina ya ce ai mai otal yana da rikoda, mu saka kaset ɗin mu ji, wataƙila Inna ta faɗi wani abu da zai taimaka. Na ce masa, "Ya isa, ya akhi, kada ka sake." Ba don ba na so ba ne. Tun daga Jidda nake so in ji. Amma ta ce ba nawa ba ne.

Lahadi da safe saura mana awa biyar, jirginmu ƙarfe ɗaya. Muka gangara tsohuwar tashar ruwa inda mata ke sayar da kifi yana motsi a tire, suna ihu kamar ana faɗa. Ni na riga na saduda, ina tunanin da wace fuska zan shiga ɗakin Inna. Sai abokina ya damƙi hannuna ya nuna ƙasa. Jan tofi ne a kan dutsen titi. Ya ce, "Ya zol, wannan goro ne." Muka ɗaga kai, ga wani dogon ɗan Senegal a jingine yana tauna. Ba mu da harshen da za mu yi masa, abokina ya nuna bakinsa, ya nuna aljihu, ya buɗe hannu alamar ina. Mutumin ya yi dariya ya zana mana hanya a iska: miƙe, hagu, hagu. Abokina ya dube ni ya ce, "In babu zango akwai goro, kuma goro ba ya tafiya shi kaɗai, sai da Bahaushe a bayansa." A nan na yafe masa Nis.

A ƙarƙashin wani bene muka same shi, dattijo siriri cikin kwat ɗin soja da ta tsufa, da hula zanna a kai, ga jiƙaƙƙen buhu a gabansa. Na ce, "Salamu alaikum, Baba, ina kwana?" Ya cire tabarau ya dube mu, sannan ya ce, "Lahiya lau. Ku sake faɗi, 'ya'yana." Muka sake gaishe shi, ya amsa a hankali, yana jan kowace gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ya ƙi bari ta ƙare. Mutumin Damagaram ne, aikin soja ya kawo shi tun yana saurayi, shekara talatin bai koma ba. Na miƙa masa hoton. Ko kusa da ido bai kai shi ba ya ce, "Ɗan Makka. Wannan ai ɗana ne. Kai ne ƙanen? Kunnenku ɗaya."

Ya rufe buhun ya ja mu sama, hawa huɗu, yana hutawa a kowane hawa. Ɗaki ne ƙarami mai gado biyu. Ya nuna ɗaya ya ce nan Yaya yake kwana duk lokacin da ya sauka. A ƙarƙashin gadon ga akwatin nan na kwano, shuɗi, wanda ya fita da shi daga gidanmu, har da lotsawar da na yi masa ina yaro. Na durƙusa na ɗora hannu a kai. Na ce, "Baba, yana ina?" Ya ce, "Kun makara da kwana uku. Alhamis batonsu ya tashi." Bato shi ne jirgin ruwa a bakinsu. Na tambayi ina suka nufa. Ya ce, "Siminti suka ɗauka. Jidda za su."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Dattijon ya zauna a bakin gado ya ce wannan ne zuwan Yaya Jidda na huɗu. Ku da kuke Jidda kun san jiragen nan da ke jere a bayan mina, wani ya yi wata biyu yana jiran layi, waɗanda muke hangen fitilunsu daga soro. Sau uku Yaya Idi yana cikinsu. Ya gaya wa Baba cewa in iska ta taso daga gari da asuba yana jin kiran salla, sai ya bi jam'in Jidda daga kan jirgi. Ya ce yakan ari madubin hangen nesa na kyaftin ya nemi unguwarmu. In layinsu ya zo suka shiga mina, kowa ya karɓi takardar sauka ya fita, shi ya zauna gadin jirgi. Ni kuma ina nan ƙasa a kan siminti, ina sauke kaya, wataƙila ma kayan jirginsa. Baba ya ce, "Na ce masa, kai yaro, sauka ka durƙusa mata, uwa ba ta riƙo. Sai ya ce mini, Baba, bakin uwa ne, ta ce kada in taka, ba zan taka ba sai ta janye."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma wannan karon ban ce iska ce ba. Inna tana can tana ganin ya yi fushi ya manta da ita. Shi yana nan yana ganin biyayya yake yi. Shekara tara kowa yana jiran ɗan'uwansa, ruwan rabin awa a tsakaninsu.

Na ciro kaset ɗin na gaya wa Baba ko mene ne. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Muryar uwa ce a cikin ɗan abin nan?" Ya kanga shi a kunne, ko da yake ya san ba zai ji komai ba, ya daɗe a haka. Tasa uwar ta rasu yana nan, labarin ma sai bayan shekara biyu ya iske shi. Abokina ya ce in bar kaset ɗin a nan, ko ba daɗe ko ba jima Yaya zai dawo ɗakin, jirgi kuwa ana iya karkatar da shi wata ƙasa a hanya. Baba ya ce dawowar sai bayan wata huɗu ko biyar. Na tuna yadda Inna take dafa bango kafin ta kai bakin ƙofa. Na ce a'a, a hannu aka ce in sa masa, zan koma da shi. Baba ya rubuta mini sunan jirgin a bayan katin. Muka bar masa dabinon da gorar zamzam da Inna ta haɗo ni da su, na san Inna ba za ta yi faɗa ba. Ya cika mana aljihu da goro ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya roƙa kawai mu ƙara zama kaɗan mu yi ta Hausa, ko a kan me. Muka zauna muna ba shi labarin farashin tumaki a Jidda har sai da muka hau matattakalar tasha da gudu.

Komawa ba mu sauka ko'ina ba. Muka ci sardin na ƙarshe da busasshen burodi, muka wuce Nis abokina ya kawar da kai daga taga. Da magariba muka shiga Jenowa da kuɗin bas kawai a aljihu. Sauran mako biyun da na yi a Italiya ban san me aka koya mini ba, Allah dai ya sa kada in sakar wa wani kaya a ka.

Ranar da muka dawo, jirgin sama ya yi kwana a kan teku kafin ya sauka, na ga jiragen nan a jere, na manna goshi a taga kamar zan gane ɗaya. Kafin in je gida na biya ta mina. A takardar masu jiran layi ga sunan nan, kwana biyar da isowa. Washegari na roƙi wani mai lanshi da ke kai wa jirage ruwa da kayan miya ya tafi da ni. Ba a hawa jirgin da bai shiga mina ba, saboda haka muka tsaya a gindinsa, ƙarfe kamar bango a kanmu, na ɗaga murya na ce, "Ɗan Makka! Yaya Idi!" Kawuna suka leƙo. Can sai ga ɗaya da furfura a gemu, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kai ne? Inna tana nan?" Na ce tana nan. Ya zuro bokiti da igiya, na sa kaset ɗin a ciki, ina kallo yana hawa har ya kai hannunsa. Ya ɓace, na san wajen rikoda ya nufa.

Mai lanshi ya yi ta mita, "Yalla ya sheikh, ina da jirgi shida a gaba," na yi ta ba shi goron Marsiliya. Kusan rabin awa sannan Yaya ya dawo bakin ƙarfen. Ya goge fuska da hannun riga. Sai ya sunkuya, ya ɗan jima, ya sake zuro bokitin. Takalmansa ne a ciki, baƙaƙe, na fita unguwa. Ya ce, "Kai mata. Ka ce su fara isa, ina bayansu."

Kun tambaye ni abin da na gani a Turai. Na ga ramukan jirgin ƙasa da karnuka masu aski, na koyi cewa a sha kofi a tsaye, kuma ba kowane gari ne yake da zango ba, amma a bi goro. Babban abin da na koyo kuwa shi ne maganar da aka faɗa cikin fushi ba ta tsufa don an yi shiru a kanta, tana nan yadda aka ajiye ta sai wanda ya faɗa ya ɗauke. Har yau ban san abin da ke cikin kaset ɗin ba, ban kuma tambaya ba.

Layinsu bai zo ba tukuna. Jiya na duba, saura jirgi goma sha ɗaya a gabansu. Kullum da la'asar sai na taimaka wa Inna ta hau soro, hawa ɗaya hutu ɗaya, ta zauna tana fuskantar ruwa, ko da yake idonta ba ya kai can. Takalman kuwa ta goge su da kanta ta ajiye a ƙofar ɗakinta, kansu yana kallon ciki, yadda mai shiga yake barin nasa. Duk matar da ta shigo gidan sai ta ja baya ta ce, "Au, baƙo kuka yi?" Inna takan ce, "Ba baƙo ba ne. Idi ne, yana hanya."